Babi na Shida: Mazaɓar Binuwai da Wuƙar Yawunde

Mazaɓu 85 ne ke aika wakilai 180 zuwa majalisar dokokin Kamaru. Wanda ya bi jerinsu daga sama har ƙasa ba zai ci karo da mazaɓar da ake kira Binuwai kurum ba. Abin da zai gani shi ne Binuwai ta Gabas da Binuwai ta Yamma, kowace da kujera biyu. Tsohuwar mazaɓar, wadda Garwa ce cibiyarta, ta daɗe da fita daga takardun zaɓe, alhali ita ce ta fitar da shugaban ƙasar na farko, ita ce kuma ta aika tsohon firaminista majalisa a matsayin jagoran adawa, tare da mutumin da ya zo na biyu a zaɓen shugaban ƙasa na 2025. A arewacin Kamaru babu kujerar da ta kai ta tarihi. Babu kuma wadda aka yi ta rage wa fage kamarta.

A zamanin Faransawa, abin da ake kira yankin Binuwai ƙasa ce mai faɗi. Ta taso daga duwatsun Gidar a arewa, ta haɗa da Poli a kudu maso yamma, ta miƙa har ƙasar Rey Buba da ke iyaka da Chadi. Kusan duk abin da ake kira lardin Arewa a yau ke nan, faɗin murabba'in kilomita 66,000. Fulani ne ke riƙe da sarauta a filayen kwari tun jihadin Modibbo Adama, lamiɓensu kuma suna kai gaisuwa Yola, har zuwa 1901 da Jamusawa suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Garwa. Jamusawan su ma ba su daɗe ba: a watan Yuni na 1915 suka miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa a garin. Kan duwatsu da bakin dazuzzuka kuwa, akwai Fali da Gidar da Dowayo da Bata da sauran ƙabilun da suka riga Fulani zama, waɗanda yawancinsu ba Musulmi ba ne a lokacin.

Kogi ne ya fifita Garwa a kan takwarorinta. Marwa ta fi ta jama'a, Rey Buba ta fi ta ƙasa da dakaru, amma a Garwa jirgin ruwa ke tsayawa. Idan damina ta yi nisa, Binuwai ya cika ya batse, sai jiragen kamfanonin Turawa su taso daga Burutu da ke bakin tekun Najeriya, su bi Neja zuwa Lokoja, su juyo Binuwai ta Makurɗi da Yola, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Wata biyu zuwa uku kacal ruwan ke ɗaukar jirgi. A cikin wannan ɗan taƙin za a sauke gishiri da siminti da kananzir da gangunan mai na shekara guda, a loda buhunan gyaɗa da dilolin auduga da fatu. 'Yan dako ba su da dare ba su da rana, don jirgin da ya yi nawa har ruwa ya ja baya, to ya kwana kan yashi sai baɗi. Wannan ciniki ne ya tara fatake Hausawa a unguwar Hausare, Barebari a Kollere, ga kuma akawuna da direbobi da makanikai 'yan kudu. Tun kafin a gina masana'anta ko ɗaya, garin ya riga ya san albashi da ƙwadago.

Zaɓen majalisar gida ya iso a 1946, lokacin da Faransa ta kafa wa Kamaru majalisar wakilai mai kujeru 40. Rabon kujerun kaɗai ya isa ya nuna inda aka dosa: 16 na Faransawa ne, waɗanda duka-duka 'yan dubbai ne a ƙasar, 24 kuma na 'yan ƙasa kusan miliyan uku. Kowane ɓangare da rajistarsa da akwatinsa. Cikin 'yan ƙasar ma ba kowa ke da ƙuri'a ba, sai masu sarauta, ma'aikatan gwamnati, tsofaffin sojoji, 'yan kasuwa masu lasisi da waɗanda suka yi boko. A 1951 aka ƙara buɗe ƙofa ga magidanta da matan da suka haifi 'ya'ya biyu. A ƙasar da makarantun boko ba su taka kara sun karya ba, ma'anar wannan a fili take. Ƙuri'ar Binuwai tana aljihun mutum biyu, lamiɗo da Baturen da ke mulkin yanki.

Abin mamakin shi ne wanda ya ci moriyar tsarin ba ɗan sarauta ba ne. Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a 1924, ɗan talakawa ne da mahaifiyarsa ta rene shi. Ya yi firamare a Garwa, ya wuce makarantar gaba da firamare ta Yawunde, ya fito ma'aikacin wayar iska a gidan waya. A 1947 ya shiga majalisa da sunan Binuwai yana ɗan shekara 22. Faransawa na neman ɗan arewa Musulmi wanda ke jin harshensu, wanda kuma ba zai bi jam'iyyar UPC mai neman 'yanci nan take ba. Lamiɓe kuma na buƙatar wanda zai iya karanta takardar kasafin kuɗi, ko da yake da yawansu kallon yaro mara asali suke masa. Aka sake zaɓarsa a 1952. Wani tsohon jami'in mulkin mallaka, Guy Georgy, ya yi iƙirari daga baya cewa su ne suka cusa ƙuri'u a akwati don Ahijo ya wuce. Tsofaffin Turawan mulki na da son kai bakinsu ga abin da ya yi kyau, amma ba a ji wanda ya yi mamakin maganar ba. A dai wannan zamanin, wanda ke wakiltar arewacin Kamaru a majalisar dokokin Faransa da ke Paris shi ne Jules Ninine, mutumin tsibirin Gwadalup da ke can yankin Karibiyan. Har aka gama mulkin mallaka babu ɗan arewa ko ɗaya da ya zauna a wannan majalisa.

Ahijo bai tsaya jiran alfarmar fada ba. Ya tara samari 'yan boko, akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, a ƙungiyar zumunta ta Binuwai, kuma cikin na hannun damansa akwai Musa Yaya Sarkin Fada, wanda ya daɗe yana riƙe masa ragamar siyasar arewa. Da dokar Faransa ta 1956 ta soke rajista biyu, ta ba kowane baligi ƙuri'a, sai yawan jama'ar arewa ya zama jari. A zaɓen 23 ga Disamba na shekarar, wakilan arewa suka tashi da kujeru 30 cikin 70, 'yan kudu kuwa suka rabu gida uku. Ahijo ya zama shugaban majalisa, sannan mataimakin firaminista André-Marie Mbida. Ranar 18 ga Fabrairun 1958 ya gaji kujerar Mbida, bayan 'yan watanni kuma ya kafa jam'iyyarsa ta UC a Garwa. Ranar 5 ga Mayun 1960, wata huɗu da samun 'yanci, wakilin Binuwai ya zama shugaban ƙasa.

Daga nan mazaɓar ta shiga dogon barci. A 1966 aka narkar da jam'iyyu cikin jam'iyya ɗaya tilo, UNC. Ɗan takara ya daina zuwa neman yardar masu zaɓe, ya koma neman sunansa ya shiga jerin da uwar jam'iyya za ta fitar, kuma jeri ɗaya ne babu na biyu. Ranar zaɓe ta zama ranar kiɗa da anko. Wanda ke da ƙorafi kan rijiya ko hanya ya san cewa ɗan majalisa ba shi ne ƙofa ba. Ƙofa ita ce fadar lamiɗo, ko ofishin Gwamna Usman Mey da ke riƙe da arewa kaf daga Garwa, ko kuma mutum ya yi sa'a shugaba ya zo hutu gida.

A cikin wannan barcin ne garin ya zama na masana'antu. Kamfanin Faransa na CFDT ya kawo noman auduga na sayarwa arewacin Kamaru tun farkon shekarun 1950. A 1965 aka kafa masaƙar CICAM, aka raba aikinta biyu: kaɗi da saƙa a Garwa, rini da buga zane a Duwala. A 1974 gwamnati ta karɓi ragamar audugar, aka kafa Sodecoton da hedikwata a Garwa, da injinan gurza da matatar man angurya. Aka gina kamfanin lemo da giya, da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, da filin ƙwallo na Rumde Ajiya a 1978. Sinawa suka gina madatsar Lagdo daga 1977 zuwa 1982 don wutar lantarki. Tashar jiragen ruwan da ta fara ɗaga garin kuwa ta mutu a hankali. Yaƙin Biyafara ya toshe hanyar kogi daga 1967, layin dogo ya iso Ngaundare a 1974 ya ɗauke kaya, madatsa da yashi suka ƙarasa sauran.

A Ingila ko Faransa, garin da ke da masaƙa da dubban leburori yakan zama mazaɓar 'yan ƙwadago, ma'aikata su fitar da ɗan takara daga cikinsu, su riƙe kujera shekara da shekaru. A Garwa hakan bai taɓa faruwa ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai masana'anta gwamnati ce, mai naɗa shugaban kamfani gwamnati ce, ƙungiyar ƙwadago kuma tun 1972 aka dunƙule ta guda ɗaya aka rataya ta a wuyan jam'iyya. Saurayin da ya samu aiki a masaƙa ko a ma'aunar auduga ya san wanda ya yi masa hanya, kuma wannan mutumin zai tuna ranar zaɓe, ba abokin aikinsa na kan inji ba. Manomin auduga ma ɗaure yake ta wata fuskar. Kamfani ɗaya ne ke ba shi iri da taki da maganin ƙwari bashi, shi ke sa farashi, shi ke aunawa, shi ke cire bashinsa kafin ya miƙa masa ragowar, kuma in ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gaza biya, sauran ne za su cike. Mutumin da ke jiran kuɗin audugarsa a watan Fabrairu ba ya son suna a bakin hukuma. Sodecoton ta ba garin ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008. Ɗan majalisar ma'aikata ne dai ba ta ba shi ba, kuma ba a kafa ta don haka ba.

Amma audugar ta yi wani aiki da masu tsara ta ba su yi lissafinsa ba. Daga shekarun 1970 gwamnati ta riƙa kwaso manoma daga duwatsun Mandara da filayen Arewa Mai Nisa da suka cika maƙil, tana zaunar da su a kwarin Binuwai inda ƙasa ke kwance ba mai nomawa. Tupuri, Mafa, Giziga, Mundang, wasu a motocin hukuma, mafi yawa da ƙafarsu bayan labari ya kai gida. Tafkin Lagdo ya jawo masunta har daga Najeriya da Chadi. Ƙauyuka irin su Ngong suka zama manyan kasuwanni cikin shekaru kaɗan. Yawancin baƙin Kiristoci ne ko masu addinin gargajiya, suna noma ƙasar lamiɗo suna biyan zakka ga wakilansa, ba tare da jin cewa sarautar tasu ce ba. Lokacin da ƙuri'a ta sake yin daraja, masu zaɓen Binuwai ba su ne na zamanin Ahijo ba.

Wuƙa ta fara sauka ne bayan Ahijo ya ajiye mulki a watan Nuwamban 1982, ya kuma ɓata da magajinsa Paul Biya. Ranar 22 ga Agustan 1983 Biya ya ba da sanarwar gano makirci, ya sauke firaminista Bello Buba Maigari, ɗan Basheo ta ƙasar Binuwai, ya kuma raba lardin Arewa uku: Adamawa da hedikwata a Ngaundare, Arewa Mai Nisa a Marwa, Garwa ta tsira da na tsakiya. A wannan tsakanin na farkon shekarun 1980 ne kuma aka fitar da Mayo Luti da Faro da Mayo Rey daga jikin Binuwai, kowace ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Sai yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilun 1984 ya biyo baya. Aka harbe sojoji da dama 'yan arewa, aka ɗaure fararen hula, cikinsu har da wani injiniyan jirgin ƙasa ɗan Garwa, Isa Ciroma Bakari, wanda ya shafe shekara shida a tsare. Bello Buba ya tsallaka Najeriya. Ahijo ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamban 1989, can aka binne shi.

Duk wannan yana cikin ran mutane lokacin da aka dawo da jam'iyyu da yawa. Biya ya naɗa Sadu Hayatu, ɗan gidan sarautar Garwa, firaminista a watan Afrilun 1991, ko arewa za ta huce. Ba ta huce ba. Bello Buba ya dawo gida a watan Agusta, ya karɓe shugabancin jam'iyyar UNDP daga hannun Samuel Eboua a babban taron Garwa na Janairun 1992. Dokar zaɓe ta ce kowace gunduma mazaɓa ce, don haka Binuwai ta shiga zaɓen 1 ga Maris a dunƙule, birni da ƙauye. UNDP ta share kujeru 12 na lardin Arewa ba ta bar ko ɗaya ba. Bello Buba da Isa Ciroma duka suka shiga majalisa da sunan Binuwai. A ƙasa baki ɗaya jam'iyyar ta samu 68, RDPC mai mulki ta samu 88, abin da bai kai rabi ba, sai da ta jawo kujeru 6 na MDR ta Dakole Daisala kafin ta iya kafa gwamnati. Gwamnatin Biya ba ta taɓa zuwa bakin rami a majalisa kamar wannan karon ba.

Don a gane abin da ya biyo baya, sai an san yadda ake rabon kujera a Kamaru. A mazaɓa mai kujera fiye da ɗaya, jam'iyya jeri take tsayarwa, ba mutum ɗaya ba. Jerin da ya haura rabin ƙuri'u ya kwashe kujerun mazaɓar duka. In babu wanda ya haura, na gaba ya ɗauki rabi, a raba sauran tsakanin waɗanda suka kai kashi 5 cikin ɗari. Ke nan idan birni mai yawan jama'a ya karkata ga adawa, yakan jawo kujerun ƙauyuka ya tafi da su. Dokar kuma ta bar wa shugaban ƙasa ikon yi wa wasu gundumomi yanka na musamman da sa hannunsa kaɗai. Daga zaɓen 1997 aka fara amfani da wannan dama sosai, mazaɓu suka yi ta ƙaruwa, kujeru kuwa suna nan 180. Binuwai ta faɗa cikin waɗanda aka tsaga. Aka ware ɓangaren Pitowa da Bibemi da Lagdo ya zama Gabas, aka bar Garwa da kewayenta a Yamma. Ko birni ya yi tawaye yanzu, kujera biyu ce iyakar abin da zai ɗauka.

Masu kare matakin na cewa an kusantar da wakili ga jama'a, kuma manomin Bibemi ba dole ba ne ya zama jelar ɗan kasuwar Garwa. Maganar na da ƙamshin gaskiya, musamman ga baƙin manoman nan da ba su ga kansu a jam'iyyar da suke ɗauka ta Fulanin birni ba. Sai dai tela in yana yanka don riga ta yi wa mai ita daidai, mai rigar yake aunawa. A nan ba a ji an auna kowa ba, kuma ba a ƙara wa Binuwai kujera ko ɗaya ba.

Ba wuƙa kaɗai ta karya adawar ba, ita ma ta taimaka da hannunta. Tun watan Nuwamban 1992 Isa Ciroma da Hamadu Mustafa suka karɓi kujerun minista ba da yawun jam'iyya ba, daga baya aka kore su. A ƙasar Rey Buba, kamfe ya zama kasada: ɗan majalisar UNDP Haman Adama Dauda ya rasu a farkon 1996 bayan dukan da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ɗora wa dogaran fada. A 1997 kujerun jam'iyyar suka dawo 13, a watan Disamba kuma Bello Buba da kansa ya shiga gwamnati a matsayin ministan masana'antu da ciniki. A 2002 ya tsaya a Binuwai ta Yamma, garin masaƙa da matatar mai, yana ministan masana'antu, ya faɗi. UNDP ta tashi da kujera ɗaya tak a ƙasar. Ya yi kukan maguɗi, amma bai bar kujerar minista ba. A wannan zamanin ƙarfin RDPC a garin yana hannun wani ɗan Garwa, Marafa Hamidu Yaya, wanda ma'aikatarsa ta harkokin cikin gida ce ta shirya zaɓen 2007. Shi ma a 2012 aka kama shi, aka yanke masa ɗaurin shekara 25.

Akwai wani ƙaramin abu a rumfar zaɓe da ke bayyana da yawa. A Kamaru ba takarda ɗaya ake dangwalawa ba. Kowace jam'iyya da takardarta mai launinta, a miƙa wa mai zaɓe duka, ya shiga bayan labule ya sa ɗaya a ambulan, ya zubar da sauran. Wanda ya karɓi kuɗi ko sabulu kuwa, sai ya cusa sauran a aljihu, ya fito ya nuna wa wanda ya ba shi, shaidar cewa takardar da ake so ita ce ta shiga akwati. 'Yan adawa sun daɗe suna neman a koma takarda ɗaya, har yau ba a koma ba.

Sunan Ahijo bai daina sayar da ƙuri'a a Garwa ba. Ɗansa Muhammadu Bajika ya yi UNDP, 'yarsa Aminatu kuma ta dawo daga gudun hijira a 2013 ta hau dandamalin RDPC. Isa Ciroma ya kafa jam'iyyar FSNC a 2007, ya yi kusan shekara goma yana ministan sadarwa mai kare gwamnati da baki, jam'iyyarsa ta samu kujeru uku a zaɓen 2020. A tsakiyar 2025 shi da Bello Buba suka ajiye muƙamansu na minista ɗaya bayan ɗaya, suka fito takarar shugaban ƙasa, tsofaffin abokan jeri guda na Binuwai a 1992. Sakamakon hukuma ya ba Biya kashi 53.66, Ciroma 35.19. Ciroma ya ce shi ya ci, matasa suka kewaye gidansa na Garwa suna gadi, aka yi zanga-zanga aka rasa rayuka, daga bisani ya fice zuwa Gambiya. A zaɓen shugaban ƙasa babu Gabas babu Yamma, ƙuri'ar Garwa da ta Lagdo kwando ɗaya suke shiga, shi ya sa muryar garin ta fi fitowa a can.

A majalisa kuwa lissafi na nan yadda aka bar shi. Ƙidayar 2005 ta ba gundumar Binuwai mutum 851,955, kujerunta huɗu. Lardin Kudu gaba ɗayansa, mahaifar Shugaba Biya, mutum 634,655 ne a wannan ƙidayar, kujerunsa 11. Ɗan majalisar Binuwai na wakiltar mutum kusan 213,000, takwaransa na Kudu bai kai 58,000 ba.